Fitsarin Gaggawa: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Akwai wata lalura da manya da yawa ke fama da ita a ɓoye. Fitsari ne yake taso wa mutum bagatatan, ya kasa riƙewa, ya yi ta zarya bayan gida dare da rana, wani lokaci ma ya ɗigo kafin ya isa. Ɗan kasuwa a Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi ya bar rumfarsa sau goma a wuni, dattijo a Kawo ya daina tsayawa sahun gaba don tsoron warwarewar alwala. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kunya kan hana shi faɗi.

Mafitsara jaka ce ta tsoka, mai iya ɗaukar kimanin rabin lita. Idan ta cika, jijiyoyi kan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ke umurtar tsokar ta matse. Ga mai wannan lalura, tsokar kan matse tun kafin a ba ta izini. Saboda haka magungunan farko, wato oksibutinin da aka amince da shi a Amurka a 1975, da tolterodin da solifenasin da suka biyo baya, aikinsu shi ne toshe wannan saƙo.

To, a nan gizo ke saƙar. Ba mafitsara kaɗai ke karɓar saƙon asetilkolin ba. Yawu da gumi da hanji da ido da ƙwaƙwalwa duk da shi suke aiki. Shi ya sa mai shan maganin kan ji bushewar baki, da taurin bayan gida, da dishi-dishin gani. Raguwar gumi kuwa ba abin wasa ba ne a zafin Maris da Afrilu na Kaduna. Tsoho yana iya rikicewa a ce gigin tsufa ne. Mai wani nau'in gilakoma, wato hawan ruwan ido, yana iya rasa ganinsa. Sabon magani, mirabegiron, wanda ya fito a Japan a 2011, wata hanya yake bi wajen sassauta tsokar, amma shi ma yana iya ɗaga hawan jini.

Bugu da ƙari, ba kowane yawan fitsari ne laifin tsokar ba. Ciwon sukari, da ƙwayoyin cuta a mafitsara, da tsargiya, da kumburin furostet ga maza, duk sukan zo da wannan kama. Namijin da furostet ya toshe wa hanya, in ya sha oksibutinin, fitsarin na iya tsayawa cak.

Don haka maganin nan ba na saye a kemis ba ne bisa shawarar maƙwabci. Hanyar da ta dace ita ce a kai kuka ga likita, kamar a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a auna fitsari da sukari da hawan jini, mai larurar ido kuma ya leƙa Cibiyar Ido ta Ƙasa. Kafin ƙwaya ma akwai mataki: rage goro da shayi, musamman bayan magariba, da horar da mafitsara ta hanyar ƙara tazara tsakanin fitsari kaɗan-kaɗan.

Likitoci ma da nasu nauyin. Dattijuwar da ta zo da ciwon gwiwa da wuya ta ambaci fitsari, sai in an tambaye ta cikin ladabi. Tambaya guda tana iya mayar da mutum sahun da ya bari.