Zauren Iyali: Sababbin Dillalai a Ƙofar Matanmu Masu Sana'a



Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san dillaliya. Ita ce dattijuwar nan da ke shiga gida gida da ƙunshi a ka, ta karɓi hula ko faifai ko man gyaɗa daga hannun matar da ke cikin kulle, ta kai wa mai bukata, sannan ta komo da kuɗi ta cire la'adarta. Matar gida ba ta ga mai saye ba, ba ta kuma ji yadda aka taya ba. Abin da dillaliya ta faɗa mata shi ne ciniki. Mun tuno da ita ne domin ƴan uwa mata sun sha tambayarmu game da wasu sababbin dillalai, masu zuwa da mota da takardu, suna cewa su ma'aikatan abin nan ne da ake kira commerce équitable da Faransanci, wanda mu za mu kira cinikin adalci. Tambayar kuwa ba ta wuce ɗaya ba: su wane ne, kuma ko ya dace a ba su amanar guminmu?

Asalin lamarin daga hannun mace ya taso. A shekara ta 1946 wata Ba'amurkiya mai suna Edna Ruth Byler, ƴar ɗariƙar Kiristoci ta Menonayit, ta ziyarci tsibirin Porto Riko, ta ga mata matalauta suna ɗinkin ado mai kyau amma ba su da inda za su sayar. Sai ta riƙa ɗauko kayan tana tallarsu a bayan motarta ga maƙwabta da ƙawaye a jihar Pensilbeniya. Daga wannan talla ne aka sami shagunan da suka ɗauki sunan Ten Thousand Villages a 1996. A Faransa an buɗe shagon farko na Artisans du Monde a birnin Paris a 1974, a Holan kuma aka fito da tambarin Max Havelaar a 1988 domin kofin manoman Meziko. Ba mu ɓoye cewa da yawa daga waɗanda suka assasa wannan tafiya mutanen coci ne ba, kuma ba ma ganin hakan dalili ne na ƙin ciniki da su, tunda shari'a ba ta hana saye da sayarwa da wanda ba Musulmi ba matuƙar hajar halal ce kuma babu zalunci.

Abin da suke alkawarta wa mai sana'a shi ne farashin da aka yi yarjejeniya a kansa tun kafin a fara aiki, da cinikin da zai ɗore shekara bayan shekara, da ƙarin kuɗi da ake zuba wa ƙungiya domin aikin da zai amfani kowa, kamar rijiya ko aji ko ɗakin shan magani. Ƙa'idojin ƙungiyarsu ta duniya, WFTO, wadda aka kafa a 1989 da sunan IFAT, sun tanadi cewa idan masu sana'ar hannu suka nema, a ba su aƙalla rabin kuɗin kaya tun kafin su gama aiki, kuma ba tare da kuɗin ruwa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na man kaɗanya. Wadda ba ta taɓa yi ba ba za ta san nauyinsa ba. Da damina mace za ta yi sammako ta shiga daji tsintar kaɗanya cikin ciyawa mai raɓa, inda maciji da kunama ke kwana. Ta dawo ta dafa ƙwara, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta soya, ta niƙa, sannan ta durƙusa tana cuɗa ƙullun da ruwa har mai ya taso. Itace da ruwan da aikin ke ci kuwa duk a kanta ake ɗauko su. Wannan man ne kamfanin L'Occitane na Faransa ya fara saye daga matan Burkina Faso tun cikin shekarun 1980, shi ne kuma kamfanin The Body Shop na Ingila ya fara saye a 1994 daga ƙungiyar mata ta Tungteiya da ke yankin Tamale a arewacin Gana.

To, a hotunan da ake bugawa a Turai, abin da ake gani shi ne baƙuwa tana murmushi a tsakiyar matan ƙauye. Amma baƙuwa kwana nawa take yi? Waɗanda aikin ke hannunsu kullum ƴaƴanmu ne. Akwai sakatariyar ƙungiya, galibi yarinyar da ta yi boko a cikin mata ɗari da ba su yi ba, wadda ke rubuta wa kowace mace abin da ta kawo. Akwai mai riƙe da sikeli. Akwai mai duba inganci, wanda ke da ikon cewa wannan man ya yi ruwa ko ya yi ƙaurin hayaƙi, ko wannan jakar fata ɗinkinta ya karkace, a mayar. Akwai tafinta, wanda ta bakinsa ne kawai mata ke jin abin da baƙo ya ce, ta bakinsa kuma baƙo ke jin kukansu. Sannan akwai mai bincike da ake aikowa daga nesa lokaci lokaci, ya duba littattafai ya yi ƴan tambayoyi ya koma. Tambarin da aka manna wa kwalba a Paris ba shi da ido. Abin da waɗannan mutane suka rubuta shi ya sani. Idan mai sikeli ya tauye rabin kilo a kan kowace mace, sakatariya ta sa hannu, to littafi zai fita tsaf, mai bincike ya tafi yana yabo, alhali kuwa an aikata ainihin abin da Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi a kansa.

Mu yi musu adalci su ma, domin aikinsu ba mai sauƙi ba ne. Yarinyar da za ta dubi sa'ar mahaifiyarta ta ce, “Inna, ki yi haƙuri, wannan man ba zai shiga ba,” ta san cewa da yamma za a yi da ita a gari, a ce boko ya cire mata kunya. In kuma ta ji kunya ta karɓa, ganga guda mai ruwa tana iya sa a mayar da lodi gaba ɗaya, kowa ya yi asara. Mun fi girmama wadda ta daure ta faɗi gaskiya cikin ladabi, muna kuma roƙon iyayenmu mata da kada su mayar da ita abokiyar gaba.

Ta fuskar fiƙihu, ba da kuɗi kafin kaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Cinikin salam ya halatta idan an bayyana nau'in kaya da awonsa da ranar kawo shi, sai dai sharaɗinsa a biya kuɗin duka tun farko, kuma malaman Malikiyya sun yi rangwamen jinkiri na kwana uku kawai. Wani zai ce to ina hukuncin rabin kuɗi? Wannan ya fi kusa da istisna'i, wato a sa mai sana'a ya ƙera abu bisa siffar da aka ambata, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince a biya kuɗinsa kashi kashi ko a jinkirta. Haka kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Don haka duk ma'aikacin da ke ɓoye wa mata nawa ake sayar da kayansu a gaba, yana fakewa da cewa ba za su gane ba, ya kusanci wannan hani ko da wane irin tambari yake ɗauke da shi.

Akwai kuma abin da ma'aikaci na gari ma ba ya iya magancewa. Takardar shaidar nan kuɗi ake biya kafin a same ta, a kuma biya domin sabunta ta, abin da ke fin ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi. Mafi yawan kaɗanyar Afirka ta Yamma ma ba ta wannan hanya take fita ba. Ɗanyar ƙwara ake kwasa zuwa masana'antun abinci, musamman tun da Tarayyar Turai ta yi doka a 2000 da ta yarda a sa irin wannan mai har kashi 5 cikin ɗari a cakulan. Sai kuma hatsarin dogaro da mai saye guda. A watan Fabrairun 2024 The Body Shop ya durƙushe a Ingila saboda matsalar kuɗi, aka rufe shaguna da dama, kafin wasu masu jari su saye shi a watan Satumba na shekarar. Kamfanin da ya kai wannan girma ke nan. Shi ya sa muke ganin kuskure ne ƙungiya ta yi watsi da kasuwar gida, ko ta raina baje koli irin na SAFEM da aka fara a Yamai a shekara ta 2000 domin mata masu sana'ar hannu.

Saura magana da mu maza. Kuɗin da mace ta samu da hannunta nata ne, ba ya sauke wa miji nauyin ci da sha da tufa, ba ya kuma halatta gare shi sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah Ya ƙara mata yarda, jima da ɗinkin fata take yi, tana sadaka da abin da ta samu yadda ta ga dama. Abin takaici ne a ce ranar biya maigida ne ke tsaye a ƙofar ƙungiya yana jiran a ƙirga masa. Haka nan idan oda ta yi yawa, kada a cire yarinya daga makaranta, ta boko ko ta allo, a zaunar da ita daka. Dokokin cinikin sun hana, kuma ƙungiya na iya rasa takardarta a kan haka.

Ga ƴan uwa mata da suka aiko da tambaya, shawararmu ita ce kada kowa ta dangwala yatsa a takarda sai an karanta mata ita da Hausa, daga bakin wanda ba ma'aikacin mai saye ba. A nemi a rubuta farashin kilo, da ranar biyan ragowar kuɗi, da abin da za a yi da kayan da aka mayar. A ajiye sikeli inda kowace mace za ta ga allurarsa da idonta, a kuma zaɓi mata biyu daga cikin ƙungiya su riƙa zama kusa da sakatariya a ranar awo.

Wassalamu alaikum.