"A'a" ɗin Ɗan China Da Na 'Yar China: Kada Ɗan Kasuwa Ya Ruɗu



Da yawa daga cikin mutanenmu suna sarin kaya daga Guangzhou da Yiwu, wasu kuma suna zuwa baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957. Akwai maganar da ke yawo tsakaninmu, wai a ciniki mace 'yar China ta fi namiji sauƙin lanƙwasawa. A ganina wannan zato ne mai jawo asara.

Gaskiya ne mutanen China ba su cika son cewa "a'a" ƙiri-ƙiri ba. Suna da abin da suke kira "mianzi", wato kare mutuncin mutum a idon jama'a, kusan irin kara da kunya a wurinmu. Gaskiya ne kuma al'adarsu ta fi ɗora wa mace tausasa harshe. Namiji kan iya cewa "bu xing", ma'ana ba zai yiwu ba, a wuce wurin. Mace kuwa sau da yawa za ta fara yabon maganarka, sannan ta ce "wo kaolü kaolü", wato bari in yi tunani, ko "zai shuo ba", wato ma sake magana.

A nan ne namu ke faɗawa rami. Sai mutum ya ɗauka an kusa daidaitawa, ya yi wa kwastomominsa alkawarin farashi da ranar zuwan kaya, alhali an riga an ƙi. Laushin muryarta bai rage komai daga ƙin da ta yi ba.

Sannan ba jinsi kaɗai ke aiki ba. Matsayi, shekaru da kusanci su ma suna da nauyi. Ƙaramin ma'aikaci namiji zai yi ta kewaye-kewaye a gaban maigidansa, ita kuwa "laobanniang", uwargidan shago mai riƙe da lissafi, za ta danna maka farashi a kalkuleta ta ƙi motsi. Dong Mingzhu ta kamfanin Gree ta yi suna a ƙasarsu wajen faɗin magana ba ɓoye-ɓoye. Kuma wanda ya saba da kai sosai shi ya fi ƙi maka kai tsaye, namiji ne ko mace.

Shawarata uku ce. Duk amsar da babu adadi, farashi da rana a cikinta, ɗauke ta a matsayin "a'a". Kada ka matsa wa mutum ya amsa a gaban yaran shagonsa, ja shi gefe. Abin da kuka amince a kai kuma, a rubuta shi a WeChat ko a takarda kafin ka tura ko sisi.

Mu da ke cewa "sai na duba" alhali mun ƙi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.

Sakataren ƙungiya