Wanda Aka Buga wa Mota Bai Kamata Ya Biya Kuɗin Gyara Ba

Duk mai bin titunan Kano, Kaduna ko Abuja ya san yadda abin ke kasancewa. Mota na tsaye a danja, wata ta zo ta baya ta daki bambarta, fitilu su tarwatse. Kafin direbobin su gama fitowa jama'a sun taru, kowa na cewa a yi haƙuri, tsautsayi ne, tun da ba a rasa rai ba sai godiya. Wanda ya yi ɓarnar ya miƙa ɗan abin da ke aljihunsa, ko ya yi alkawarin biyo sahu zuwa gareji. Bayan kwana biyu wayarsa ta daina shiga. Mai motar da bai taka doka ba shi zai nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman fitila da bamba, shi zai biya mai gyaran jiki da mai fenti. Alhali a cikin motar da ta buge shi akwai takardar da aka tanada musamman domin irin wannan rana.

Inshorar kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna ta zama dole a Najeriya tun dokar 1945. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai adaidaita sahu yana biyan 5,000, babbar motar kaya 100,000. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai, rauni da rasa rai suna da nasu hukuncin daban. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi lamba kan mallakar takardar. Sai dai akasarinmu mun ɗauke ta kamar wani haraji, abin nuna wa jami'i a shingen bincike a wuce. An ninka kuɗin sau uku, mun biya, amma ba mu koyi neman abin da muka saya da shi ba. Ra'ayina shi ne wannan sakaci ya fi komai cutar da direba mai gaskiya, kuma gyaransa yana wuyan direbobi da kamfanoni da hukuma baki ɗaya.

Abin da ke hana mutane da yawa kai rahoto shi ne tsoron za a ƙara musu kuɗin inshora a badi. Ga mai inshorar dole wannan tsoro ba shi da tushe, domin farashinta hukuma ce ta yanke shi bisa nau'in abin hawa. Direban da ya yi laifi bai da dalilin ɓoye sunan kamfaninsa, hasali ma shi ne zai huta da biyan dubban ɗaruruwa daga aljihu. Inda matsalar take da gaske shi ne wajen mai cikakkiyar inshora, wadda ke gyara motar mai ita ko da shi ne da laifi, wadda kuma NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. A irin wannan yarjejeniya kamfani kan yi wa mutum rangwame idan shekara ta wuce bai nemi diyya ba, kuma akwai wani kaso na farko na kuɗin gyara da mai mota ke ɗauka da kansa. To idan aka buge shi ya je wurin kamfaninsa domin a gaggauta gyara, yana iya rasa rangwamen, ya kuma biya wancan kaso, kan haɗarin da yana tsaye aka same shi. Wannan zalunci ne, musamman da yake kamfanin yana da ikon bin kamfanin mai laifi ya karɓo abin da ya kashe. Wani lokaci ma kamfanonin kan yi yarjejeniya tsakaninsu cewa kowa ya gyara motar mutuminsa, kada su ɓata lokaci wajen bin juna bashi. Sauƙin nasu ne, bai dace a ɗora nauyinsa kan wanda bai san da yarjejeniyar ba.

Masana harkar za su ce lissafinsu ba ruwansa da laifi, haɗari kawai yake aunawa: mai yawan bin hanya mai cunkoso ya fi kusa da a sake bugunsa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma idan hanyar da mutum ke bi da yawan tafiyarsa ne abin dubawa, sai a tambaye shi tun ranar ƙulla yarjejeniya a sa a farashi, kowa ya sani. Jira sai an cuce shi sannan a ƙara masa kuɗi yana koya wa jama'a cewa faɗin gaskiya asara ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta hana kamfani ƙara wa direba kuɗi saboda haɗarin da ba shi ne babban mai laifi ba, kuma kamfanoni na ci gaba da kasuwancinsu a can.

Wasu kuma za su ce ai kamfanonin ba sa biya, wahalar zirga-zirga ta fi kuɗin gyaran. Ba a banza wannan zato ya kafu ba. Jan ƙafa da neman takardu marasa iyaka sun gajiyar da mutane. Amma babban ɓangare na matsalar yana farawa ne daga inda ake sayen takardar. Wanda ya ba wani ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi ya haɗo masa takardun mota a dunƙule, sau da yawa jabu ake ba shi, kuma babu kamfanin da zai biya diyya kan takardar da bai taɓa bayarwa ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda lambar mota kaɗai ta isa a gane ko inshorarta ta gaske ce. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta yanke wa kamfani wa'adin kwana 90 ya biya diyyar da ya amince da ita, ta kuma ce rahoton 'yan sanda ba sharaɗi ba ne idan babu mutuwa ko mummunan rauni. An sanya hannu kan sabuwar dokar inshora a shekarar 2025, kuma NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi. Doka ba ta aiki da kanta, sai masu haƙƙi sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Hujjar da ta fi nauyi a zukatan mutanenmu ita ce ta addini da ɗabi'a. Yafiya abar yabo ce, kuma babu mai son a ce ya matsa wa talaka ɗan adaidaita kan ƙarfe. Sai dai a duba wa ake yafe wa. Idan direban yana da inshora ta gaske, kuɗin gyara ba daga tukunyar iyalinsa za su fito ba. Wanda ya ce ya bar wa Allah, a zahiri kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi domin ɗaukar wannan nauyi ya bar wa. Shari'ar Musulunci kanta ta wajabta lamuni kan wanda ya lalata dukiyar wani ko da bisa kuskure ne, ta kuma raba nauyin diyyar kisan kuskure kan dangin wanda ya yi, domin kada mutum ɗaya ya durƙushe. Ga mai shakka kan riba da rashin tabbas a inshorar zamani, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke bayar da inshorar mota bisa tsarin taimakekeniya.

Abin da ake buƙata daga direba kaɗan ne: ya ɗauki hoton motocin kafin a gusar da su, ya karɓi lambar mota da sunan kamfanin ɗayan, ya riƙe lambar wayar shaida, ya sanar da kamfani a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, kuma kada a taɓa gyaran kafin kamfanin ya duba ɓarnar. Ita kuwa NAICOM, ina kira gare ta da ta haramta cire rangwame ko ƙara kuɗi ga direban da aka tabbatar ba shi da laifi, ta kuma riƙa wallafa, da Hausa da sauran harsunanmu, yawan diyyar da kowane kamfani ya biya da wadda ya ƙi biya a kowace shekara.