Gida Da Lambu: A Gyara Gida Tun Hadari Bai Haɗu Ba

 Ga shi dai hunturu ya yi sallama, zafin bazara ya kankama, har 'yan'uwanmu mazauna Legas da Ibadan da Fatakwal sun fara ganin ruwan sama, su kuma na Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri suna sauraron nasu nan da 'yan makonni in Allah ya yarda. To, wannan ɗan tsakani shi ne lokacin da ya kamata kowane maigida ya tashi ya zagaya gidansa, ya dubi sama ya dubi ƙasa, domin gyaran da za a yi yau da kwandon ƙasa biyu, in an bar shi sai watan Agusta, ba mamaki ya zama sai an sake ginin ɗaki ɗungurungum.

Mu da ke aiki a ɗakin labarai mun saba, da zarar damina ta yi tsakiya sai rahotanni su riƙa shigo mana daga jihohi: bango ya faɗa wa iyali suna barci, soro ya rufta da uwa da 'ya'yanta. Gaskiya ne akwai bala'in da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ko wadda ta auka wa Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen watan Mayu na 2025. Irin waɗannan hukuma ce ke da alhakin yi musu tanadi. Amma fa bangon da ke faɗuwa shi kaɗai a cikin unguwa, alhali na maƙwabta suna tsaye, wannan ya daɗe yana ba da sanarwa, mu ne dai ba mu saurara ba.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekaru huɗu da suka wuce, da na fara samun ɗan abin hannuna, sai na ƙudura cewa zan fitar da mahaifiyata kunya. Ɗakinta ginin ƙasa ne tun na zamanin kakanmu. Na sayi siminti, na ɗauko mai filasta ya shafe bangon ciki da waje, aka buga fenti mai ruwan ƙwai, duk wanda ya shigo sai ya sa mini albarka. Mutum ɗaya ne bai yaba ba, wani tsohon magini aminin marigayi mahaifinmu. Ya shafa bangon da hannunsa ya ce, “Ɗana, ka ɗinka wa ɗakin nan riga, amma ba ta jikinsa ba ce.” Na ce, “Baba, ai zamani ne ya zo da haka.” Ya yi murmushi ya kama hanyarsa.

A damina ta uku, wani dare ana tsuga ruwa, sai filastar bangon gabas ta ɓalle gaba ɗaya kamar an ɓare ɓawon itace, ta faɗo daidai inda yara ke shimfiɗa tabarma in ana zafi. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Da gari ya waye muka tarar ƙasar da ke bayanta ta jiƙe sharkaf, gara ta yi hanyoyi a ciki, sai da aka rushe rabin bangon aka sake ɗora shi. Dalili kuwa shi ne, bangon ƙasa yakan sha ruwa, in rana ta fito ya fitar da shi ya bushe. Siminti ba ya kama ƙasa kamun gaske, kuma ba sa miƙewa su tsuke tare in zafi da sanyi sun sauya. Da zarar filasta ta yi 'yar tsaga ko da kamar silin gashi ce, ruwa ya sami ƙofar shiga, ƙofar fita kuwa babu. Daga waje ka ga gida fes, ciki kuwa yana narkewa. Saboda haka duk wanda ke da irin wannan bango ya bi shi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Inda ya ji yana amsawa kamar ganga, to filasta ta rabu da bango, a fasa wurin a gyara tun bai faɗo wa wani ba.

A FARA DAGA SAMA

Mai soron ƙasa ya hau da kansa, ko ya sa a hau, a share ganyaye da ledoji da ciyawar da ta tsiro bara, domin saiwar ciyawa ita ke huda wa ruwa hanya. Duk inda ƙasa ta lotsa har ruwa zai iya kwanciya, a cike shi a daddaɓe, a bar wa rufin gangara zuwa bakin indararo. Shi kuma indararo a tabbata bai toshe ba, bakinsa na liƙe da kyau, kuma yana da tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. Gajeren indararo shi ne ke zubo ruwa a jikin gini har ya yi masa kwari. Daga ciki kuma a ɗaga kai a dubi azara. Magabata sun zaɓi azarar giginya ne saboda ƙarfinta da kuma yadda take gagarar gara, amma in ta daɗe tana shan yoyo ita ma takan ruɓe daga bakin da ke cikin bango. In an ga ta lanƙwasa, ko gari yana zubowa daga jikinta, kada a sake kwana a ɗakin sai an tokare ta ko an sauya.

Mai rufin kwano kuwa ya shiga ɗaki da tsakar rana ya rufe ƙofa da taga. Duk inda ya ga haske na leƙowa, nan ruwa zai bi. Ƙaramar huda kwalta da ƙyalle sun ishe ta, ƙusar da ta ɗago a mayar da ita ko a sauya ta da mai roba a wuya. A lura da katakon da ke riƙe da kwanon, ko yana ɗaure da bango da ƙarfe ko waya mai kauri, saboda iskar farkon damina ba ta da wasa, kuma jibga duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi ba ɗauri ba ne. Waɗanda ke da tsohon rufi ko silin na asbestos, ina roƙonsu kada su yanka shi da zarto ko su farfasa shi, domin likitoci sun tabbatar ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu har da sankara, wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

GINDIN BANGO DA TSAGA

Yawancin bangayen da ke faɗuwa daga ƙasa ruwa ke cin su. Wannan ne hikimar dakalin da iyayenmu ke yi a gindin katanga: wurin zama ne da yamma, kuma garkuwa ce ga tushen gini. Inda ruwa ya zaizaye gindi a cike shi, a yi masa gangara ta yadda ruwa zai gudu ya bar bango. A yashe kwata tun daga tsakar gida har inda ta haɗu da ta unguwa, kuma wannan aiki ne na gayya, don in ka yashe taka maƙwabcinka bai yashe tasa ba, ruwan gidanka zai komo. Da can kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne ke karɓar ruwan unguwa. Yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba.

Game da tsaga, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya wadda ta tsaya a kan yaɓe kaɗai, a buɗe ta kaɗan, a jiƙa, a cike. Wadda za a ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko wadda ta ratsa bango har ana ganinta ciki da waje, musamman in ƙofar da ke rufuwa lafiya a da ta fara cijewa. Wannan alama ce tushe na motsi. Ga dabara mai sauƙi: a ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan mako biyu ko uku ta wuce layin ko ta ƙara buɗewa, magana ta wuce liƙi, sai a nemo ƙwararren magini ko injiniya.

YAƁE DA FILASTA

Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, kuma bangon gabas ya fi kowanne bukata, tun da yake daga can hadarinmu ya fi tasowa yana dukan gini. Maginanmu na gargajiya suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa a kwaɓa ƙasa da ruwanta, tana sa yaɓe da daɓe su yi tauri su ƙi ruwa. Suna kuma da laso, watau haɗin katsi na marina da gashin jima da ruwan dafara, wanda ake shafe soro da shi ya daɗe bai yi yoyo ba. Kada wani ya ɗauka wannan aikin talauci ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, da ƙasa da azara aka yi shi, kuma masana gini daga ƙasashen duniya sun sha zuwa kallon bakan gizonsa. Masallacin garin Yama a Jamhuriyar Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Sirrin ke nan, ba a barin shekara ta zagayo ba a taɓa gini ba.

Mai ginin bulo shi ma yana da nasa. Kada a bari mai aiki ya cika yashi don buhu ya yi auki, awo ɗaya na siminti ga awo huɗu zuwa shida na yashi mai tsabta shi ne daidai ga filasta. A jiƙa bango kafin a shafa, bayan an shafa kuma a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, saboda siminti da ruwa yake yin ƙarfi, in ya bushe da gaggawa sai ya yi gari. Fenti kuma a dakata masa kamar mako huɗu. In aka buga shi a kan danshi, zai kumbura ya ɓaɓɓare kafin shekara.

ADO DA LAMBU

In an gama da lafiyar gini sai a zo ga ado, kuma ba sai mai kuɗi ba. Farar ƙasa tana haska ɗaki, tana rage zafi, ba ta kuma hana bangon ƙasa fitar da danshi. Wanda ke da hali ya nemi mai zanen ƙofar zaure ya fitar masa da dagi ko wani zane na gargajiya, tun masu wannan sana'a ba su ƙare ba.

Tsakar gida kuma, ko taku biyar ne ya rage, ya isa lambu. Zogale yana kamawa daga iri ko daga reshe, cikin 'yan watanni uwargida ta fara tsinkar na kwaɗo da na miya. Gwanda takan fara 'ya'ya cikin shekara guda. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa ga ƙanshi, ganyensa ga amfani. A ƙara da lemun tsami guda, da ɗan fegin rama da yakuwa da alayyafo. Yanzu ne lokacin haƙa ramuka a zuba takin da ya ruɓe, kashin awaki da toka da sharar gida, sa'an nan a yi dashe in ruwa ya zauna. Da rani kuwa ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi ya ishe su. Masu zama a bene ko gidan da aka malale da siminti su yi amfani da tsofaffin bokitai da buhuna, a huda gindinsu.

Sai dai a yi hattara da manyan itatuwa. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928 har ta game Arewa, inuwarta ba ta da na biyu, amma ita da mangwaro saiwarsu takan bi danshi ta shiga ƙarƙashin tushe, ta fasa masai da kwata. A ba su kamar taku goma daga gini. A kuma kula kada lambu ya zama gidan sauro, don gwangwani ko tsohuwar taya da ta riƙe ruwa kwana 7 zuwa 10 ta isa ta ƙyanƙyashe shi. Mai shirin haƙa sabon masai ya nisanta shi da rijiya, ma'aikatan lafiya sukan ce kamar mita 30 in fili ya samu.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan haya da masu gidajen haya. Ɗan haya yakan ce gidan ba nasa ba ne, mai gida kuma ya ce ba shi ke kwana a ciki ba, a tsakaninsu bango ya yi ta tsagewa. To, wanda ke kwana ƙarƙashin rufin shi ne zai fara jin nauyinsa. Ka nuna wa mai gida ɓarnar a gaban shaida tun yanzu, in ya yarda ka gyara a cire a kuɗin haya, ku rubuta. Shi kuma mai gida ya tuna rayukan da ke ciki amana ce a wuyansa.

Wanda ke da tambaya ko wata dabara da ya gwada ta yi masa amfani, ya rubuto mana, za mu buga don kowa ya ƙaru. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake tara ruwan sama daga rufi a adana shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu. Wassalam.