WUTA DA DUTSE: DABARA TA FI ƘARFI

A ƙasar Damagaram dutse ba baƙo ba ne. Wanda ya shiga unguwar Birni ya ga manyan duwatsu sun hau kan juna. Haka a Mirya, da Gure, da tsaunukan Muniyo, da kudancin Maraɗi wajen Ɗan Isa. Masana suna kiran wannan dutse garanit. Shi ne yake karya wa manomi garma. Shi ne kuma yake tsai da ginar rijiya bayan an sha wahala. Diga ta lanƙwashe, dutse ko gezau. To, akwai abin da yake rage masa ƙarfi: wuta.

Ƙarfin dutse iri biyu ne

Akwai ƙarfin danni, akwai ƙarfin ja. Igiya tana da ƙarfin ja, ba ta da na danni. Dutse kuwa wajen danni ya fi ƙarfi. Wurin da bai fi faɗin farcen yatsa ba yana ɗaukar nauyin kilo 1000 zuwa 2000 kafin ya farfashe. Amma in jan sa aka yi, wajen kilo 100 ya isa ya raba shi. Nan ne lagonsa yake. Shi ya sa mai fasa dutse yake kafa ƙarfe cikin tsaga, ya buga, don ya buɗa dutsen gida biyu.

Me wuta take yi masa?

In aka duba ɓallin garanit da kyau, za a ga ƙwayoyi iri uku manne da juna. Akwai mai haske kamar gilashi, ita ce ƙanƙara irin ta ƙyastu. Akwai fara ko ja-ja. Akwai baƙa mai ƙyalli. Zafi yana sa kowace ta kumbura, amma kumburin ba ɗaya ba ne. Ƙanƙara ta fi sauran kumbura. Sai ta ture maƙwabtanta, ƙananan tsagogi su buɗe tsakaninsu, waɗanda ido ba ya gani.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. A wannan zafi dutse bai damu ba sosai. Daga digiri 300 zuwa 400 tsagogi suna yawaita. A digiri 573 ƙanƙara takan kumbura farat ɗaya. Dutsen da ya wuce digiri 600 ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa na ja. Wutar itace mai kyau tana kai wannan zafi. Kuma ko dutsen ya huce, tsagogin ba su komawa. Ƙarfin da ya tafi ya tafi ke nan.

In aka kwara ruwan sanyi a kan dutse mai zafi, bayansa yana tsukewa da sauri, cikinsa kuwa yana nan a kumbure. Sai bayan ya dare. Kowace mace ta san wannan: dutsen murhu da ya daɗe yana shan wuta da ruwa yakan ɓare da kansa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Mutanen Masar na dā sun yi aiki da ita a ramukan zinariya. A ƙasar Norwe, masu haƙar azurfa a Kongsberg ba su bar ta ba sai wajen shekarar 1890.

Yadda ake yi a gona

1. A share ƙasa da ciyawa kewaye da dutsen, don kada gobara ta kama daji. Kada a yi ranar iska.
2. A tara busasshen itace da kashin shanu a kansa. Kara kaɗai ba ya isa, yana cinyewa da wuri. Kada a sari ɗanyen icce.
3. A bar wuta ta ci awa 3 ko 4.
4. A janye garwashi, a tsaya nesa, a watsa ruwa. Tururi yana ƙuna, ɓallin dutse yana tsalle ya sami ido. Yara su yi nisa.
5. In ya huce, a bi tsagogi da ƙarfe da guduma.

Zafi ba ya shiga dutse da nisa. Wuta ɗaya tana ɓare ƴan santimetir ne kawai. Sai an sake, an kuma sakewa. Saboda haka mai gona ya yi lissafin itace tukuna. Wani dutsen gara a kewaye shi.

Hattara da rijiya

Nan maganar rai ce. Wuta cikin rami tana cinye iskar numfashi, ta bar mugunyar iska marar launi, marar wari. Mutum ya sauka lafiya, kansa ya yi nauyi, ya faɗi. Ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Wasu sukan zura fitila: in ta mutu, kada kowa ya shiga. Wannan gaskiya ne. Amma fitila tana iya ci alhali dafin yana nan. Don haka kada a hura wuta cikin rijiya mai zurfi. In gina ta kai dutse, shugabannin gari su kai magana ga ma'aikatan ruwa, masu injin huda dutse. A irin wannan ƙasa ruwa cikin tsagogin dutse yake, kuma su ne suka san neman su.

Abu na ƙarshe: dutsen da ya sha wuta kada a yi dutsen niƙa da shi, zai zuba tsakuwa cikin gari. Kada a ɗora shi bisa ƙofa, ko a shimfiɗa shi bakin rijiya inda mata suke takawa. Amfaninsa ciko, da jera shi a gona don tare ruwan sama.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman maganar rijiya.