Kifin Banda Ba Ya Bukatar Fiya-Fiya

Maganar da muka daɗe muna yi ƙasa-ƙasa a ƙofar masallaci bayan la'asar, yau gara mu sa ta a takarda. Wasu daga cikin masu sayar da busasshen kifi a nan Minna suna yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper don kada tsutsa da ƙwaro su taɓa shi. Kuma ba baƙi ba ne, namu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da su.

In ka yi magana sai a ce maka, "To Malam, ya za mu yi? Ba wuta, ba firij." Gaskiya ne ba wuta. Ga madatsar Shiroro nan kusa da mu tun 1990, tana haska garuruwan wasu, mu kuwa muna kwana da tocila. Amma wannan ba hujja ba ce. Yaushe aka yi firij? Sarkawa da Nufawa sun gaji su a Kwara da kogin Kaduna tun kaka da kakanni, kifinsu yana isa kasuwanni masu nisa lafiya lau, da gishiri da hayaƙi da rana kawai.

Aikin sananne ne. Kifi na fitowa daga ruwa a farke cikinsa, a cire hanji, a wanke da ruwa mai tsabta, a jiƙa shi cikin ruwan gishiri, a bar shi ya tsane. Tarwaɗa a naɗe ta, babba kamar giwan ruwa a yanka gunduwa-gunduwa. Sai a jera a kan waya bisa wutar itace mai ƙarfi irin kirya ko marke, da farko da zafi don ya gasu, daga baya wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa, har ruwan jikinsa ya ƙare. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. In damina ce, ko an ajiye shi sai an riƙa mayar da shi kan hayaƙi lokaci-lokaci.

To a nan gizo ke saƙar. Kifin da ya bushe ƙayau yana ƙanƙancewa, ga itace ya yi tsada. Sai mutum ya sauke shi da sauran danshi, ya yi ɓul-ɓul a ido, ya fi kuɗi. Danshin nan shi ke kiran ƙuda, ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta fito. Maganin ƙwarin kenan ake rufe ha'incin farko da shi. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san labarin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma san hukuncin da ya yanke wa mai algus. Wancan ma ruwan sama ne ya jiƙa kayansa, ba guba ya zuba ba.

Guba ce fa. Tana jawo amai, gudawa, ciwon kai da sarƙewar numfashi, kuma yara ta fi kayarwa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai, amma kowa ya san inda ake samunsa.

Mu ma 'yan kasuwa ne, mun san zafin asara. Sai dai ranar da aka ce kifin Minna na kai mutane asibiti, mai gaskiya da maras gaskiya duk tare za su tashi. Shugabannin 'yan kifi su zauna. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa, a jiharmu take, ta daɗe tana ƙera murhun banda mai cin itace kaɗan. Mutum goma in sun haɗa kuɗi ba zai gagare su ba.

Iyayenmu mata kuma, in kun je Kasuwar Kure ku shinshina, ku matsa, ku karya ɗaya ku duba ciki. In yana da laushi amma ko ƙuda ɗaya bai kusance shi ba, alhali maƙwabcinsa sai kora yake yi, ku tambayi mai shi dalili, da ƙarfi, yadda na gefe zai ji.