Raunin da Ba Ya Zubar da Jini

A watan Yulin 2020 rundunar sojan ƙasa ta yi bikin ranarta a Faskari, ta ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity. Tun daga nan ake ta karanta mana lissafi: 'yan bindiga kaza aka kashe, shanu kaza aka ƙwato. Amma sojan da ya faɗo daga mota kansa ya bugu, ko fashewa ta jijjiga masa ƙwaƙwalwa, ya miƙe ya kakkaɓe ƙura ya koma daji, shi wa ya ƙirga shi?

Irin wannan rauni ba ya gaggawa. Yau ciwon kai da jiri, gobe mantuwa da rashin barci, jibi mai haƙuri ya zama mafaɗacin da 'ya'yansa ke ɓuya idan ya yi sallama. Mu kuma sai mu yanke hukunci: ƙwaya ce, sammu ne, aljanu ne. Matarsa ce kaɗai ta san ba mijin da ta yi wa rakiya ba ne ya dawo.

A 1967 likitocin Amurka suka fara rajistar sojojin da suka samu rauni a ka a yaƙin Vietnam, mutum 1,221, suka bi da yawa daga cikinsu har shekara 40. Cikin waɗanda aka duba bayan shekara 15, wajen rabi sun kamu da farfaɗiya, wasu ma ba ta taso musu ba sai bayan shekara 10. Likitan da ya ɗinke ya sallama ba zai taɓa ganin wannan ba.

Za a ce ana cikin yaƙi, kuɗin harsashi ake nema. To, littafin rajista nawa ne? Muna da Asibitin Sojoji na 44 a Kaduna, da na ƙwaƙwalwa a Barnawa, da na koyarwa a Shika da Katsina. A rubuta sunan duk wanda kansa ya bugu a dazukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, a riƙa kiransa duk shekara, ko ya yi ritaya. A sa da askarawan da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, har da 'yan banga, don ƙoƙon kansu bai fi na soja tauri ba.

Kowace 15 ga Janairu muna ajiye wa matattu furanni. Rayayyun fa? Wanda ya tare mana harsashi bai cancanci mu bar shi a zaure muna kiransa mahaukaci ba.